IGIYA, TAKOBI DA ALLURA: Baitoci Biyar Da Sharhinsu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya haramta zalunci, Ya sanya rai amana a hannun mai shi da kuma hannun mai mulki. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, waɗansu 'yan'uwa daga cikin almajiranmu na Umdurman sun aiko mini da tambaya. Sun ce sun ji alƙalan Amurka sun daɗe suna jayayya a kan kashe mai laifi da allura, ko ya dace da kundin tsarin mulkinsu ko bai dace ba, sun kuma ji cewa dokar shari'ar laifuffuka ta tarayyar Nijeriya ta 2015 ta ambaci allura tare da rataya. To, tsakanin allura da igiya da harsashi da takobi wanne ya fi rahama, kuma me shari'a ta ce? Sai na amsa musu da baitoci biyar, ga su nan tare da sharhinsu. Allah ne abin neman taimako.

Sun ce a bar igiya, a bar kaifin takobi,
A kashe shi kwance, cikin barci, da allura.

Ka sani, ya ɗan'uwa, Allah Ya datar da ni da kai, wannan al'amari sabo ne. Jihar Oklahoma ce ta fara sanya shi cikin doka a 1977, jihar Teksas kuma ta fara aikata shi ranar 7 ga Disamba 1982 a kan wani mai suna Charles Brooks. Siffarsa ta asali ita ce a ɗaure mutum a kan gado, a nemi jijiyarsa, a zuba masa magunguna uku bi da bi: na farko mai sa barci mai nauyi, na biyu mai sandarar da tsokar jiki duka har da ta numfashi, na uku gishirin fotasiyam mai tsayar da zuciya.

Dalilin jayayyarsu kuwa, a cikin kundinsu akwai gyara na takwas, wanda suka yi a 1791, da ya hana horo na ƙeta wanda ba a saba da shi ba. Sau da dama an kai hanyar kisa gaban Kotun Ƙoli domin a auna ta da wannan ma'auni. An kai harbi da bindiga a 1879 ta halatta, an kai kujerar lantarki a 1890 ta halatta, an kai allura a 2008 daga jihar Kentaki ta halatta. A 2015 ta ƙara wani sharaɗi, ta kuma ƙarfafa shi a 2019, cewa wanda ya ce hanyar da za a kashe shi da ita tana da azaba, wajibi ne ya kawo wata hanyar da ta fi ta sauƙi wadda kuma za a iya samu, in ba haka ba ƙararsa ta faɗi. Ni dai ban ga adalci a wannan sharaɗi ba. Daidai yake da a ce wa rago, in ba ka son wannan wuƙa to je ka kasuwa ka zo da taka. Kyautatawa wajibin mai yanka ne, ba a ɗora shi a kan abin yanka.

Sauƙin na wa ne, na mai kallo ko na shi?
An ɗaure harshe, da me zai yi ƙara?

Wannan baiti shi ne gindin magana, sai mu daɗe a kansa. Dubi magani na biyu. Ba ya gusar da zafi, ba ya gusar da hankali, abin da yake yi kawai shi ne ya hana motsi. Idan na farko ya kama mutum da kyau, to babu abin da zai ji. Idan kuwa bai kama ba, ko domin an kuskure jijiya ko domin jikinsa bai karɓi maganin ba, to ga shi a farke, numfashinsa ya ɗauke, gishirin nan yana ƙuna a jijiyoyinsa kamar wuta, amma ba ya iya ko ƙifta ido. Masu kallo ta bayan gilashi su koma gida su ce ya mutu cikin natsuwa. Ita kanta kotun, a hukuncin 2008, ta yarda cewa in maganin farko bai yi aiki ba azabar ba abin karɓa ba ce. Da aka tambayi amfanin na biyu kuwa, cikin abin da babban alƙalinsu ya ambata akwai kiyaye mutuncin wurin, kada masu kallo su ga jiki yana shure-shure su zaci zafi yake ji. To ka ji da bakinsu. Wani sashe na wannan sauƙi an tanade shi ne domin idon mai kallo.

Kada ka zaci zato nake yi. Ranar 29 ga Afrilu 2014, a Oklahoma, aka kwantar da Clayton Lockett. Allurar ta zame daga jijiya, maganin ya tafi cikin tsoka, ya rinƙa murɗewa yana ƙoƙarin ɗaga kai bayan an ce ya yi barci, sai aka saki labule tsakaninsa da shaidu. Bai cika ba sai bayan minti 43. A Alabama, cikin Nuwamba 2022, aka ɗaure Kenneth Smith aka yi ta sukarsa ana neman jijiya har dare ya yi nisa, ba a samu ba, aka mayar da shi ɗakinsa da rai, sa'an nan aka kashe shi cikin Janairu 2024 da iskar nitirojin, shi ne na farko da aka yi wa haka. A 2020 'yan jaridar rediyon jama'a na Amurka suka bibiyi takardun binciken gawa fiye da 200 na waɗanda aka kashe da allura, suka tarar mafi yawansu huhunsu ya cika da ruwa, wato halin wanda ya nutse. Abin da ya fi komai girgiza ni shi ne na jihar Karolina ta Kudu a Maris 2025: aka ba Brad Sigmon zaɓi tsakanin kujerar lantarki da allura da harsashi, ya zaɓi harsashi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai kuma wata illa da ba a cika ambata ba. Sarakunanmu na da suna da hauni, mutum ne da aikinsa ke nan, ya san makama. Allura kuwa sana'ar likita ce, alhali ƙungiyar likitocin Amurka ta hana 'ya'yanta sa hannu a kisa, kamfanonin magani da yawa sun ƙi sayarwa, Tarayyar Turai kuma ta tsananta fitar da irin waɗannan magunguna tun 2011. Sai aikin ya koma hannun wanda bai ƙware ba, da maganin da ba a yi shi domin wannan ba, jihohi da dama kuma suka yi dokar ɓoye inda suke samo shi.

Yanzu sai mu koma ga namu ma'auni. Hadisin Shaddadu ɗan Ausu, Allah Ya yarda da shi, wanda Muslimu ya ruwaito, shi ne na 17 a cikin Arba'una na Nawawi, kowane almajiri ya haddace shi. Ma'anarsa ita ce Allah Ya wajabta kyautatawa a kan kowane abu, har kisa da yanka, aka umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. Lura da wanda aka ce a hutar. Ba a ce a hutar da mahauci ba, ba a ce a hutar da maƙwabta daga ganin jini ba. Dabbar da ke kwance ita ce mai haƙƙin hutu. Saboda haka malamai suka karhanta a wasa wuƙa tana gani, ko a yanka wata a gabanta, ko a fara fiɗa tun ba ta yi sanyi ba. In haka aka kiyaye wa akuya, ina ga ɗan Adam wanda Allah Ya girmama, ko da mai laifi ne? Duk hanyar da ta rage wa mai kallo nauyi ta kuma ƙara wa wanda ake kashewa haɗarin azaba, to ta juya hadisin nan baibai.

Shehu Halilu a kan guba bai yanke ba,
Amma ya hana kisan da ke sa jira.

Mutane suna zaton littattafanmu ba su san wannan mas'ala ba. Sun san ta. Imamu Maliku da Imamu Shafi'i suna ganin a ƙisasi ana kashe mai kisa da irin abin da ya yi kisa da shi, hujjarsu hadisin Anasu a Buhari da Muslimu game da Bayahuden da ya rotse kan wata yarinya tsakanin duwatsu biyu, aka yi masa irin haka. Imamu Abu Hanifa kuwa ya ce babu ƙisasi sai da takobi. Da Shehu Halilu ya zo wannan wuri a Muhtasar, a ƙarni na takwas na hijira, sai ya tabbatar da maganar Maliku, sa'an nan ya toge abubuwa: abin da shi kansa haramun ne, kamar giya da luwaɗi da sihiri, da kuma abin da ke ɗaukar lokaci mai tsawo, kamar hana mutum ci da sha har ya mutu. A waɗannan duka sai a koma ga takobi. Ya kuma ce mai haƙƙin jini yana da ikon barin kamantawa ya koma ga takobi a kowane hali, domin ya fi sauƙi ga wanda za a kashe.

Da ya iso ga guba sai ya tsaya, ya kawo fassara biyu bai rinjayar da ɗaya ba. Ta farko, guba tana cikin abin da aka toge, ba a kisa da ita. Ta biyu, ana kisa da ita, amma shugaba ya yi ijtihadi a kan gwargwadon da zai kashe. Me ya kawo saɓanin? Jikuna sun bambanta. Abin da zai kayar da wannan nan take, wancan zai kwana yana birgima da shi. Wannan ita ce tambayar da alƙalan Amurka suke juyawa da shaidar likitoci da ma'aunin giram, malamanmu sun riga su tsayawa a kanta da shekaru ɗaruruwa. Kuma ka lura, wannan tararrabi nasu game da wanda shi kansa ya kashe da guba ne. Wanda bai yi kisa da guba ba kuwa, babu hanyar shayar da shi ita a wannan babi.

Idan ka ce, ashe takobi ko igiya su ne hanyar Musulunci ke nan? Sai in ce maka, takobi ba ibada ba ne a kan kansa. An zaɓe shi ne domin a zamaninsu shi ya fi komai sauri da tabbas, kuma hukunci yana tafiya da illarsa. Igiya kuwa, littattafanmu ba su ambace ta a ƙisasi ba sai ga wanda ya shaƙe wani, amma ita ce ta zauna a ƙasar nan. An yi rataya a kasuwar Umdurman zamanin Halifa Abdullahi, Turawan Ingila suka ci gaba da ita a kurkukun Kobar da ke Hartum Bahri, dokar laifuffuka ta Sudan ta 1991 kuma, a sashe na 27, ta ambaci rataya, da jifa, da kamanta yadda mai kisa ya yi kisa. Ita ma igiyar lissafi ce: ana auna nauyin mutum a daidaita tsawon faɗuwarsa domin wuya ya karye nan take. In ta gajarta ya shaƙe a hankali, in ta yi tsawo kai ya rabu da jiki, kamar yadda ya faru ga Barzan ɗan'uwan Saddam Husaini a Bagadaza cikin Janairu 2007. Don haka ba na wanke igiya. Abin da na ce game da allura shi ne, a siffar da aka san ta, tana shiga abin da ke iya tsawaita, gwargwadonta ba shi da tabbas, kuma ta haɗa da abin da ke rufe wa shaidu ido. Alƙur'ani ya umarci wata jama'a ta muminai su halarci haddi, kuma daga cikin hikimarsa akwai tsare mai zartarwa daga wuce iyaka. Shaidan da aka saki labule a gabansa, a kan me zai yi shaida? Kuskuren igiya da harsashi kowa na ganinsa. Kuskuren allura ana iya binne shi tare da mai shi.

Kaifin wuƙa ba ya halatta haramun,
Duba jinin tukuna, kafin ka sara.

A nan na bar Amurka na dawo gida, domin mu mutanen Hartum da Umdurman ba a kan hanyar kisa aka fi jarraba mu ba, an fi jarraba mu ne a kan gaggawarsa. A Yuli 1971, bayan juyin mulkin Hashim al-Ata ya wargaje cikin kwana uku, Ja'afar Numairi ya raba mutanen gida biyu: sojoji aka harbe su a barikin Shajara, farar hula irin su Abdulhaliƙ Mahjub da Shafi'u Ahmad al-Shaikh da Joseph Garang aka rataye su a Kobar, duka cikin 'yan kwanaki. A Disamba 1989 gwamnatin Umar al-Bashir ta rataye wani saurayi, Majdi Mahjub, saboda an sami kuɗin ƙasashen waje a gidansu, ba a yi shekara uku ba wannan gwamnati da kanta ta saki kasuwar canji. A Afrilu 1990, a ƙarshen Ramadan, aka harbe hafsoshi 28 bayan wata shari'a ta gaggawa, ba a ba iyalansu gawa ba, sai a Yuli 2020 masu gabatar da ƙara suka ba da sanarwar gano wani kabari na taro a Umdurman da ake kyautata zaton nasu ne. Da a ce duk waɗannan an yi musu allura mai laushi a kan gado mai farin zane, da ya canza wani abu daga nauyin jininsu?

Idan ka ce, to ashe malam yana son a bar ƙisasi? Sai in ce, Allah Ya tsare. Ka tuna malamin makarantar nan Ahmad al-Khair, wanda jami'an tsaro suka kama a Khashm al-Girba a farkon 2019, suka azabtar da shi har ya cika. Ranar 30 ga Disamba 2019 kotu a Umdurman ta tabbatar da laifin jami'ai fiye da 20, alƙali ya tambayi magada jini ko afuwa ko ƙisasi, ɗan'uwansa ya ce ƙisasi. Haƙƙinsa ne, babu mai ikon ƙwace masa shi. Amma dubi abin da kotu ta yanke: rataya. Ba ta ce a yi musu dukan da suka yi masa ba, balle abin da harshe ba ya iya faɗa wanda shaidu suka ambata. Wannan shi ne togaciyar Halilu a aikace. Haka aka ruwaito daga Sayyidina Aliyu, Allah Ya girmama fuskarsa, bayan Ibnu Muljam ya sare shi: ya yi wasiyya a ciyar da shi a kyautata tsaronsa, in ya rasu a yi masa sara ɗaya a maimakon sara ɗaya, kada a yi masa gunduwa-gunduwa.

Igiyar Kobar ba ta ɓata lokaci ba,
Bayan ya tafi, me alƙali zai gyara?

Abin nufi a nan Mahmud Muhammad Taha. Ba na kare koyarwarsa. Malamai a Sudan da Masar da Makka sun yi masa raddi a kan abin da ya kira saƙo na biyu, kuma ina tare da su a raddin. Magana a kan yadda aka kashe shi ce. Numairi ya ayyana dokokin Satumba a 1983. A ƙarshen Disamba 1984 Mahmud da mabiyansa suka raba wata takarda suna neman a soke su. Aka kama shi a farkon Janairu 1985, aka gurfanar da shi a Umdurman tare da mabiyansa huɗu ranar 7 ga wata, kashegari aka yanke musu kisa da dokar tsaron ƙasa. Kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da laifin ridda, alhali ba a tuhume shi da ita a kotun farko ba, kuma a lokacin babu sashen da ya ambace ta a dokar laifuffuka. Numairi ya tabbatar da hukuncin ranar 17, aka rataye shi da hantsin Jumma'a 18 ga Janairu a filin kurkukun Kobar, gaban taron jama'a, yana da shekara 76. Daga gurfanarwa zuwa igiya kwana 11. Aka ɗauki gawarsa a jirgi mai saukar ungulu zuwa hamada, ba a ba iyalinsa ba, ba a nuna musu kabari ba. Mabiyan huɗu aka sa su tuba a bainar jama'a, aka bar su da rai.

Ta fuskar sana'a babu abin da za a ce wa hauninsa, igiya ta yi aikinta. Kafin wata uku ya cika, ranar 6 ga Afrilu 1985, Numairi ya faɗi. 'Yarsa Asma'u ta shigar da ƙara, kuma a 1986 Kotun Ƙoli ta Sudan ta bayyana cewa shari'ar da hukuncin ɓatattu ne, sun saɓa wa doka da tsarin mulki. Takarda ta fito, mai ita ba ya nan. An ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, a Tirmizi, abin da ma'anarsa ita ce a tunkuɗe haddi gwargwadon iko, domin kuskuren shugaba wajen afuwa ya fi kuskurensa wajen uƙuba. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa, amma fuƙaha'u sun haɗu a kan aiki da ƙa'idar tunkuɗe haddi da shubuha.

Kwatanta wannan da abin da ya faru bayan shekara 29. A Mayu 2014 wata kotu a Hartum ta yanke wa Maryam Yahaya Ibrahim rataya da sashe na 126 na dokar 1991, wanda ya shigar da ridda cikin doka. Tana da tsohon ciki, ta haihu a kurkukun mata na Umdurman a cikin wannan wata. Tsarin mulkin 2005 ya hana a kashe mai ciki ko mai shayarwa sai bayan shekara biyu na shayarwa, asalinsa kuwa ƙissar Bagamidiya ce, wadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya mayar har ta haihu, ya sake mayar da ita har ta yaye. A cikin wannan jinkiri, ranar 23 ga Yuni 2014, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, ta sami wanda za ta saki yana numfashi. Shi kuma sashe na 126 an cire hukuncin ridda daga cikinsa a Yuli 2020.

Wallahu a'alamu. Allah Ya yi tsira da aminci ga shugabanmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.